An Ce Mun Zama 'Yan Gwamnati

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya muka ji da wannan fari?

Mutane da yawa suna zaton idan an karanta kasafin kuɗin gwamnati a rediyo, aka ambaci ƙungiyoyin taimako, to kuɗi sun iso ke nan. Ni ma haka na zata.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a unguwar Lazaret. Muna da 'yar ƙungiya ta malamai, kowace safiya muna dama kunu saboda yaran da yunwa ta koro iyayensu daga ƙauye. Wani Alhaji ɗan Maraɗi ke ba mu hatsi. Bayan sojojin da ke mulki sun bayyana kasafin bana, na je rumfarsa kamar kullum. Ya yi dariya ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Ai kun zama 'yan gwamnati! Da kunnena na ji. Bari in ba waɗanda ba su da kowa."

Na tafi biro, wato ofishin gwamnati. Ma'aikacin ya ce, "Malam, abin da aka karanta niyya ce. Ku kawo takardunku, ku jira." Mun kai, tun kafin azumi muke jira. Wallahi na gaji. Kunun ya koma ruwa, yara sun fara barin aji suna bin kasuwa.

Ina gaida malaman unguwar Lamordé. Masu saurare, don Allah kada sanarwa ta sa ku janye hannu. Ku je ƙungiyar unguwarku, ku buɗe tukunyarsu ku duba da idonku.