Na Yi Tsohuwar Meziko a Legas

Da kuɗin dankalin da Inna ta sayar na tafi Legas. Ku matso, 'ya'yana, ke Ladi ajiye wayar nan.

Aikin shara na je nema, sai na faɗa shagon wani oga da ke mayar da finafinan waje Hausa. Ya ji ina faɗa da kwandasta a bakin titi, ya ce muryata ta yi.

Finafinan Meziko ya sayo kwali-kwali. Wai ba Meziko ake cewa ba, Mehiko. Na ce, "Oga, ni dai ba zan yi tari don sunan gari ba."

Finafinan kwalin farko tsofaffi ne, baƙi da fari. Oga ya ce lokacinsu ƙasashe da dama na rububin finafinan Meziko. Maza kan doki da hula kamar faifai, suna waƙa ƙarƙashin tagar budurwa, uwa tsohuwa na kuka ɗanta ya tafi birni. Ni aka ba muryar tsofaffin matan. Ina gwada kukan a ɗaki, mai gidan haya ya buga ƙofa.

"Wa ya mutu?"

"Ɗana ne ya tafi birni."

"Kina da ɗa, kika ce min ke kaɗai ce? Zan ƙara haya!"

Da muka gama waɗannan, sai kwalin 'yan kokawa masu rufe fuska. Wai da waƙar ta gunduri 'yan Meziko, nan suka koma. Ba tsohuwa ko ɗaya, budurwa ce kawai ana sacewa tana ihu. Na yi ta ihu har muryata ta dushe.

"Oga, a mayar da ni tsofaffi mana."

"Tsofaffi sun ƙare. Ke ma kin ƙare."

Na dawo unguwarmu Kwararafa a Jos da jaka ɗaya da faifan fim, ina jin kunyar Inna. Ta ce wane aiki na yi. Murya ba ta fita, sai na kunna mata. Ta yi ta kallon tsohuwar fim ɗin, har hawaye suka zubo mata.

"Baiwar Allah," in ji ta. "Ji Hausarta. Ashe 'yan Jos har Meziko sun kai aure?"

Na nuna ƙirjina, ni ce.

Ta harare ni. "Ke rufe min baki, mata na magana."