Robar Hannun Baba da Alwalar Asuba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sabi'u ne daga yankin Makoda.

Ranar Talata da safe ina jinyar Baba a asibiti, nas ta haska robar shaidar da ke hannunsa da wayar aiki. Wayar ta nuna allurar ciwon suga, alhali ciwon ƙafa ya kawo shi. Har ta ɗaga allura, na lura babu jan zaren da na ɗaura wa robar Baba tun ranar da aka kwantar da shi.

Na ce, "Sista, dakata! Wannan ba tasa ba ce!"

Ashe shi da tsohon gadon kusa sun cire don alwala, suka yi musaya. Nas ɗin ta ajiye allurar.

Malamai, alwala tana yiwuwa da robar a hannu? Baba ya rantse gobe ma sai ya cire. Inna Hajara da ta zo dubiya da Idi mai sharar asibitin duk sun ga abin da ya faru.