Da Mi Yat Tsaya?

A tashar Acida, ana jiran motar Goronyo ta cika, Bilyaminu dillalin albasa ya miƙa wayarsa ga wani dattijo da ke zaune kusa da shi.

"Baba, dibi ikon Allah! Wani ɗan majalisar Amurka na yar rasu. Tsohon soja na, nakiya ta cire mai ƙahwahu duka biyu wurin yaƙi."

"Subhanallahi! Da yad dawo gida, bara yas shiga?"

"Wace bara? Takara yat tsaya!"

"Yat tsaya? Da mi yat tsaya?"

"Da keken guragu mana! Har yat tsuhwa suna zaɓenai. In ya shigo majalisa, masu ƙahwahu ka miƙe mai."

"Su miƙe ma gurgu?" Dattijon ya riƙe baki.

"Wallahi! Mu nan ko, an ce wani gurgu ya nemi kujerar kansila a garin Taloka, yara sunka bi shi da waƙa, 'Tsaya mu gani!' Ni kaina sai da nid dara."

"Ba yara ba na. Manya sunka hwara ta."

"Kana wurin, Baba?"

Sai ɗan kamasho ya yi kira, mota ta cika. Dattijon ya janyo sanduna biyu daga ƙarƙashin benci. Ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe take daidai gwiwa.

"Laberiya nib baro ta, cikin kaki," ya ce. "Taho kama man, ɗana, kai da ad da abin tsayuwa."