Muryar Mama Rifkatu Ta Dawo

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Ni ne Yohanna, mai ɗan situdiyon nan na Ƙofar Sauri. Na buɗe shi ne bayan sojoji sun miƙa mulki, lokacin da kowa ke neman a ɗaukar masa waƙa a kwamfuta.

Tare muka taso da Bitrus a ƙungiyar mawaƙa, ni ma na koya masa piyano. Amma da ya buɗe nasa situdiyon sai ya yi mini fintinkau. 'Yan siyasa wurinsa, masu biki wurinsa. In na ji an yabe shi, ranar tuwo ba ya mini daɗi. A coci nakan kewaye don kada mu gaisa.

Da zumuntar mata ta coci suka kawo mini aikin kaset ɗinsu, na ce to, Bitrus zai gani. Mama Rifkatu, dattijuwar da ke ba su waƙa, tana zuwa daga Batagarawa da ciwonta tana rerawa. Ni kuma na cusa waƙata a ciki, don a ji wane ne gwani.

Muna gama ɗauka Mama ta rasu. Ina cikin tace muryarta a kwamfuta, manhajar da nake aiki da ita ta tsaya cik, ta rufe kanta. Na sake buɗewa, wayam! Ba kuma inda na ajiye kwafi.

Matata ta ce, "Baban Ladi, ka tafi wurin Bitrus mana."

Na ce, "Gara aikin ya ɓace."

Ta dube ni ta ce, "Muryar matacciya za ka binne saboda hassada?"

Na durƙusa a gaban kwamfutar zan roƙi Ubangiji ya maido da aikin, sai bakina ya kama yi wa Bitrus addu'ar albarka. Ina yi ina kuka, don ba haka na so ba.

Na tashi na tafi situdiyon Bitrus, na same shi cikin mutane. Ya miƙe tsaye ya ce, "Yaya Yohanna, yau kai ne? Mi ya hwaru?"

Ya bar masu jiransa ya biyo ni. Ya tono wani lungu inda manhajar ke ajiye aiki da kanta, waƙoƙin matan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Yana yi ina kallon saurin hannunsa, zuciyata na suya. Waƙa ɗaya ce ba ta dawo ba: tawa.

Da muka kunna wa ɗiyar Mama, ta dafa lasifikar ta ce, "Inna ce."

Ba zan ce na warke sarai ba, amma yanzu nakan ci abinci a gidan Bitrus. Godiya ta tabbata ga Allah! Ɗan'uwa, ka dogara gare shi, ko da taimakon ya biyo ta ƙofar da ba ka son ƙwanƙwasawa. Amin.