Faston da Bai Zo Jana'izar Mijina Ba

Malam mai gabatarwa, ina gaisuwa daga Birnin Kudu. Sunana Rifkatu.

Ikilisiyarmu, wato jama'ar cocinmu, ta rabu biyu kan zaɓen dattawan coci, mijina bai bi ɓangaren Fasto ba. Da ya rasu watan jiya, sau uku ina aika wa Fasto, bai zo ba. Ya kuma hana zumuntar mata yi masa waƙa. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka haƙa kabarin.

Yanzu Fasto ya kira taron sulhu ran Lahadi, wai in tashi in ce na yafe. Fasto, kai ne makiyayi? Bafillatanin bayan gidanmu ko maraƙi ya ɓace masa ba ya iya cin abinci.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ba zan yi ƙarya a gaban Ubangiji ba, ga 'ya'yana kuma ba su da wani cocin.