Gishirin da Ya Narke a Gindin Mukayyif

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na ajin yaƙi da jahilci. Ina farawa da sunan Allah, wanda ya bar mini yatsu goman nan da nake riƙe alƙalami da su.

Ni ne Sale, direban tasi daga unguwar Hindawiyya a nan Makka. Ciwona ba caca ba ne. Wasan wuta ne, wanda yaranmu ke ce wa ɗaraɗi. Duk Sallah sai in tsaya ina kallon sama: me ke sa wannan ja, wancan kore? Tambayar ta hana ni sakat, har na fara warware ɗaraɗin a saman gida ina duba cikinsu. Sau biyu girata tana ƙonewa!

Wani fasinja ya ce mini gishirin litiyam na ba da jan wuta, kuma yana rura ta. Na nemo shi a kwalba. Rubutun jikinta kuwa ban iya karantawa ba. Na ƙudura sai na haɗa nawa don bikin 'yata Hafsa.

Kun san mu mutanen Makka, duk abin da muke tsoron zafi ya ɓata, gindin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, muke kai shi. Namu mai aiki da ruwa ne. Can na ajiye kwalbar, ko murfin ban matse ba.

Matata Rabi ta ce, "Baban Hafsa, ittaƙillah, ka ji tsoron Allah! Gidan za ka ƙona ko amaryar? Ka yi istihara."

Na yi, bayan magariba. Na ce, ya Allah, in babu alheri ka nisanta ni da shi.

Ranar haɗawa na ɗauko kwalba. Subhanallah! Gishirin ya zama kamar kunu!

Na kai wa maƙwabcina Malam Usman, mai aiki a kantin magani. Ya yi ta dariya.

"Ya shaihu, wannan gishirin ƙishirwa gare shi, daga iska yake zuƙar ruwa. Shi ya sa masu sana'ar ba sa kula shi."

Na ce, "To da bai jiƙe ba fa?"

Dariyar ta tsaya. Ya dubi hannuwana, ya nuna takardar jikin kwalbar. "Ga haɗarinsa nan a rubuce. Karanta."

Ban iya ba. Mako na zagayowa na zo ajin nan.

Har yanzu ina son sanin me ke sa wuta ja, amma a littafi nake nema. Alhamdu lillahi! 'Yan'uwa, in kun roƙi Allah kuka ga abinku ya narke, kada ku yi fushi. Ku dubi hannuwan nan nawa, ku dogara gare Shi.