Bututun da Ke Ƙarƙashin Bishiyar Reino

Shugabar ƙungiyar mazauna unguwarmu, Madam Geraldine Tervo. Kansilanmu, Mista Duane Pelkie, wanda ya zaɓi kujerar bakin ƙofa saboda ya san za a ambaci hukumar gari. Fada Lucien, wanda ya ba mu aron zauren cocin nan har ya kunna mana wutar ɗumi. Dattawan unguwa maza da mata. Sababbin maƙwabtan da suka tare a bana. Jama'a baki ɗaya, barkanmu da hantsi.

Ina godiya ga shugaba da ta ba ni wannan dama, ina godiya ga waɗanda suka dafa kofi suka gasa burodin kirfa, ina kuma neman afuwar duk wanda bai gama ci ba, domin maganar da aka ɗora mini ba ta tafiya da abinci. An ce ni, Vern Lahti, in tashi in yi bayani a kan inshorar bututun ƙarƙashin ƙasa, wato bututun da ke kwashe ruwan wanka da na wanke-wanke da na ban ɗaki daga gida zuwa babbar magudanar gari. Ni ba ma'aikacin inshora ba ne, tsohon direban motar share dusar ƙanƙara ne. Abin da na sani, a farfajiyar maƙwabciyata Arlene Koskela na koye shi. Ga ta can zaune, kuma da izininta zan faɗa.

Abu na farko, jama'a, bututun nan naku ne. Mu mutane ne da muka san tsawon ciyawar ƙofar gidanmu, muka san ta maƙwabci ma fiye da tamu, amma abin da ke kwance ƙarƙashin ciyawar sai mu ce na hukuma ne. To, a garin nan, daga bangon gidanka har zuwa titi, idan ya fashe kai ya fashe wa. Ga Mista Pelkie nan yana gyaɗa kai, kuma yau ne na fara ganin ya yarda da maganata.

Marigayi Reino, mijin Arlene, shi ma bai sani ba. Da suka sayi gidan, sai ya lura cewa duk ƙarshen hunturu akwai wani layi a farfajiyar inda dusar ƙanƙara ke fara narkewa, ciyawa ta riga ta ko'ina yin kore. Ya kira ni ya nuna mini, ya ce, "Vern, ka ga ƙasa mai albarka? Nan zan dasa bishiya." Babu wanda ya gaya masa cewa ɗumin ruwan wankansa ne ke wucewa ta ƙasa. Shekarar da aka haifi 'yarsu ya dasa wata bishiya da ake kira maful a tsakiyar layin nan, ta kuwa girma ta kere duk bishiyoyin unguwa, shi kuma ya yi ta yi mana gori cewa hannunsa ke da kyau. Da ya rasu, a gindinta aka binne tokar gawarsa kamar yadda ya yi wasiyya, kuma a nan Arlene ke shan kofinta kowace safiya idan sanyi ya bari.

Abu na biyu, inshorar gida da yawancinmu muke da ita ba ta leƙa ƙarƙashin ƙasa. Ta san gobara, ta san iska, ta san bishiyar da ta faɗo kan rufi, amma saiwar da ta shiga bututu a ɓoye sai an yi mata ƙari na musamman. Arlene ta yi wannan ƙarin tun kafin a samu matsala, surukinta Brent kuwa ya yi ta tsokanarta, yana cewa, "Mama, saura ki yi wa tsutsotsin ƙasa inshora." Ta ce masa, "Kai dai ci abincinka, ba aljihunka aka taɓa ba."

A kakar bara, washegarin bikin godiya na shekara-shekara, gida cike da baƙin da suka ci talotalo suka ƙoshi, sai ruwa ya juyo da baya ya ɓullo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ba zan siffanta ruwan ba, saboda darajar Fada da ta burodin kirfa. Brent ne dai ya fara sauka, kuma da safa kawai a ƙafarsa. Aka kira Curtis mai gyaran famfo, ya zura waya ya buɗe 'yar hanya, ya jawo dunƙulen saiwa kamar gashin da aka share a shagon aski. Ya ce, "Madam Koskela, wannan tsohon bututun yumɓu ne, bishiyarki ta daɗe tana shan ruwa a ciki. Hanyar da aka saba ita ce a sare ta, a tumɓuke kututturen, katafila ta haƙa rami har titi."

Arlene ta dubi bishiyar, ta dubi Curtis, ta ce, "Reino fa yana wurin." Curtis ya cire hularsa. Ni kuma na juya ina duban wani waje, domin abin ya taɓa ni ƙwarai.

Ga abu na uku, kuma shi ne wanda nake roƙon ku tafi da shi gida. Kada ku tsaya a kan cewa kuna da ƙarin, ku tambayi abin da ƙarin ya ƙunsa. Ku tambaya ko ya haɗa da ɓarnar saiwa, ku tambaya ko ya haɗa da tsufan bututu, ku tambaya ko zai biya gyaran da ba a haƙa rami, ku kuma tambaya ko ruwan da ya koma cikin gida yana ciki, domin sau da yawa wannan ƙari ne daban. Arlene ba ta da na ƙarshen, shi ya sa kafet ɗinta da tsofaffin mujallun kamun kifi na Reino suka tafi bola a kan asararta.

Akwai gyaran da ba a haƙa rami. Ana zura wata doguwar safa mai danƙo cikin tsohon bututun, a hura ta ta manne, ta bushe ta zama sabon bututu a cikin tsoho. Da jami'in kamfanin inshora ya zo, da maganar katafila ya zo. Arlene ba ta yi masa musu ba, ta dai riƙe hannunsa ta kai shi gindin bishiya, ta ce, "Ɗana, kafin ka yanke hukunci, gaisa da maigidan." Mutumin ya yi tsaye, ya dubi girman kututturen, ya dubi dandamalin simintin ƙofar gida da za a fasa a sake zubawa, ya ce shi a ganinsa safar ma ba za ta fi tsada ba. Amma ya kafa sharaɗi: sai idan bututun bai rufta ba. Idan ya rufta, safa ba ta wucewa, kuma babu makawa sai an haƙa.

Ranar da Curtis ya zura kyamara don a gani, rabin layinmu ya fito. Muka yi cincirindo a bayan motarsa muna kallon allo kamar ana wasan ƙarshe na ƙwallo, manyan mutane da furfura muna leƙen cikin magudanar Arlene. Kyamara tana tafiya, Brent yana cewa, "Yi a hankali mana, malam," sai ka ce shi ke tuƙi. Da ta iso daidai gindin bishiya, allon ya yi duhu. Curtis ya ja baya, ya sake turawa, sai ga bututu ya bayyana, ya tsattsage, ya sha saiwa, amma yana nan a zagaye har titi. Curtis ya ce, "Madam, safa za ta wuce." Arlene ta zauna a bakin motar ta yi kukanta, babu wanda ya hana ta.

Kafin ƙasa ta daskare aka gama aikin, kamfani ya biya, ko reshe ɗaya ba a sare ba. Da yamma na leƙa ta kan shinge na tarar da ita a gindin bishiya da kofi a hannu. Ta ce, "Vern, ka zama shaida. Idan lokacina ya yi, nan za a sa ni kusa da shi. Amma ka gaya musu su ɗan matsa hagu, ni ba zan kwana a kan bututu ba."

Allah ya ja da ran Arlene, ya jiƙan Reino da dukkan waɗanda suka riga mu. Allah ya tsare gidajenmu, abin da muke gani a sama da abin da ke binne a ƙasa. Allah ya kawo mana hunturu mai sauƙi, ya bar zumunci a unguwar nan, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.